Ruwa, Taki da Hannun Manomi: Nazarin Dokar Amincin Kayan Lambu ta Amurka da Tasirinta ga Manoma

Tsakure

Kayan lambu da 'ya'yan itatuwan da ake ci ɗanye ba sa bi ta kan wuta kafin su kai baki, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta hau su a gona tana iya isa ga mai ci da ranta. Wannan dalili ne ya sa ƙasar Amurka ta kafa dokar da ta shiga har cikin gona, ta tsara wa manomi irin ruwan da zai yi ban-ruwa da shi, da takin da zai zuba, da yadda ma'aikatansa za su taɓa amfanin. Maƙalar ta bi diddigin annobobin da suka haifi dokar, ta fayyace ginshiƙanta da waɗanda ta ɗauke wa nauyi, sannan ta tsaya a kan batun ruwan noma, wanda shi ne ya fi wahalar da hukuma da manoma. An gano cewa ƙa'idar da aka gina a kan adadi guda, aka ɗora wa kowace gona, ba ta ɗore ba, sai da aka mayar da ita bisa nazarin da manomi zai yi wa gonarsa da maƙwabtanta. An kuma gano cewa nauyin kuɗin bin dokar ya fi danne ƙaramin manomi.

Fitilun Kalmomi: amincin abinci, kayan lambu, ruwan noma, taki, ƙaramin manomi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. A fagen dokokin abinci kuwa, an daɗe ana tafiya a kan akasin haka: sai mutane sun kwanta ciwo, sannan hukuma ta tashi neman inda cutar ta fito. Amurka ta yi dokar tsabtar abinci da magunguna tun 1906, ta kuma sabunta ta a 1938, amma duka biyun sun fi karkata ga masana'antu da kasuwa. Gonar da ake noman latas ko tumatir ba ta da wata ƙa'idar tarayya ta musamman da ta wajabta mata matakan kariya daga ƙwayoyin cuta. Abin da ake da shi tun 1998 shi ne littafin shawarwari na Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, wato FDA, wanda manomi ke da zaɓin ya bi ko ya bari.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar a 2011, kimanin mutum miliyan 48 ne ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara a ƙasar, ana kwantar da 128,000 a asibiti, 3,000 kuma su rasa rayukansu. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda doka ta ɗauki alhakin kariya ta kai shi bakin kunya, da abin da hakan ya jawo wa manomi na amfani da na wahala.

1.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Amincin abinci, a wannan maƙala, yana nufin kuɓutar abinci daga abin da zai cutar da mai ci. Ya bambanta da wadatar abinci, wadda ke magana a kan samuwarsa, ya kuma bambanta da ingancinsa ta fuskar kyan gani ko ɗanɗano. Tumatir na iya zama jajawur, sumul, amma yana ɗauke da cuta. Ruwan noma kuwa, a ma'anar dokar, shi ne duk ruwan da aka yi nufin ya taɓa ɓangaren amfanin da ake ci, ko ake kyautata zaton zai taɓa shi, ko ya taɓa kayan aikin da amfanin ke haɗuwa da su. Har ila yau dokar ta raba tsakanin wankewa, wato cire dattin da ido ke gani, da kashe ƙwayoyin cuta da sinadari bayan an wanke. Kalmar tsabta ta Hausa ta haɗe ma'anonin biyu, don haka mai fassara irin wannan doka ga manoma sai ya yi hattara.

2.0 Annobobin da Suka Haifi Dokar

A watan Satumba na 2006, alayyafon da ake sayarwa a cikin leda ya yaɗa wani mugun nau'in ƙwayar cutar E. coli a jihohi 26. Kimanin mutum 200 suka kamu, uku suka mutu. Bincike ya kai ga wata gona a jihar Kalifoniya, inda aka sami irin wannan ƙwaya a kashin shanun da ke kusa, da ruwan rafi, da kashin aladun daji masu ratsa gonaki. Kasuwar alayyafo ta faɗi a ƙasar baki ɗaya, har da na manoman da ba su da hannu. Wannan ya sa manyan dillalan ganyayyaki na Kalifoniya suka ƙulla wata yarjejeniya a 2007, suka ɗora wa kansu ƙa'idoji tun kafin gwamnatin tarayya ta motsa.

A 2008 sai ga annobar Salmonela da ta kama mutum fiye da 1,400. Da farko hukuma ta gargaɗi jama'a a kan tumatir. Bayan makonni aka gano ƙwayar a barkonon da aka shigo da shi daga Meziko. Kafin gaskiya ta bayyana, manoman tumatir sun riga sun tafka asara mai yawa. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, in ji Hausawa, amma a nan ma waken da ba shi da laifi ne aka fara zubarwa. Darasin da aka ɗauka shi ne rashin rubutaccen tarihin kaya, daga gona zuwa shago, yana cutar da manomi kamar yadda yake cutar da mai saye.

Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan Dokar Zamanantar da Amincin Abinci a ranar 4 ga Janairu, 2011. Dokar ta umarci FDA ta tsara ƙa'idojin noma da girbi da ƙunsawa da adana kayan lambu. Tun ba a gama rubuta ƙa'idojin ba, a cikin wannan shekara, aka sami annobar da ta fi waɗancan kisa. Wani dangin kankana mai kaushin ɓawo, daga gonar Jensen da ke jihar Kolarado, ya yaɗa ƙwayar Listeriya zuwa jihohi 28. Mutum 147 suka kamu, 33 suka mutu. An gano cewa gonar ta sayo tsohon injin da aka yi don dankali tana wanke kankanar da shi, ba a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankin, ruwa kuma yana kwanciya a daɓen rumfar ƙunsawa. Abin lura shi ne, jim kaɗan kafin annobar, wani mai duba gonaki na kamfani mai zaman kansa ya ba gonar maki 96 cikin 100. Wannan ya raunana hujjar masu cewa binciken 'yan kasuwa kaɗai ya wadatar. 'Yan'uwa biyun da suka mallaki gonar sun amsa laifi a gaban kotun tarayya, aka yi musu hukunci a 2014.

3.0 Ginshiƙan Dokar

An fitar da daftarin ƙa'idojin a 2013, aka yi masa gyara a 2014 bayan ƙorafin manoma, aka wallafa na ƙarshe a watan Nuwamba na 2015. Ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 2016. An ba gonaki wa'adi gwargwadon cinikinsu: manya zuwa 2018, ƙanana zuwa 2019, ƙanana ainun zuwa 2020. Idan aka keɓe ruwa, wanda za a tattauna shi daban, ginshiƙan su ne kamar haka:

3.1 Taki. Kashin dabbobi ɗanye yana daga cikin manyan hanyoyin da cuta ke bi. Dokar ta hana zuba shi ta yadda zai taɓa amfanin a lokacin zubawa, ta kuma tsara yadda za a ruɓar da shi har zafi ya kashe ƙwayoyin da ke ciki. A daftarin farko an nemi a bar wata tara tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi. Manoman da ba sa amfani da takin zamani suka ce wannan zai ci musu damina guda. Hukumar ta janye adadin, ta ce sai ta ƙara bincike, ta kuma bayyana cewa ba ta ƙin wa'adin da irin waɗannan manoma suka saba bi: kwana 120 ga amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Bayan gidan ɗan'adam da ba a sarrafa ba haramun ne a zuba shi.

3.2 Dabbobi. Wajibi ne manomi ya duba gonarsa a lokacin noma da gab da girbi. Idan ya ga kashin dabba ko alamar ɓarnarta, ba zai girbe abin da ake zaton ya gurɓata ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ba ta buƙaci a kashe namun daji ko a share ciyayin gefen gona ba. An sa wannan ne domin bayan annobar 2006 wasu masu saye sun matsa wa manoman Kalifoniya su share itatuwa da ciyayin bakin rafi, alhali wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna sharewar ba ta rage ƙwayoyin cutar ba.

3.3 Ma'aikata. Dole a samar da makewayi da wurin wanke hannu mai sabulu a inda masu girbi za su iya kaiwa. Mai zawo ko amai ko buɗaɗɗen rauni ba zai taɓa amfani ba. Kowane ma'aikaci sai an horar da shi ta hanyar da zai fahimta, wanda a gonaki da dama yana nufin harshen Sifaniyanci, domin yawancin 'yan ƙwadagon daga Meziko da maƙwabtanta suke. Haka kuma aƙalla shugaban aiki ɗaya a kowace gona sai ya halarci horon da hukuma ta amince da shi. Manhajar wannan horo an tsara ta ne a ƙarƙashin wani haɗin gwiwa mai mazauni a Jami'ar Cornell.

3.4 Kayan aiki da gine-gine. Wuƙaƙe da kwanduna da tebura da motocin ɗaukar kaya sai an riƙa wanke su, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu idan da buƙata. Rumfar ƙunsawa sai ta kasance ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ɓeraye da tsuntsaye ba sa samun mafaka.

3.5 Rubuta bayanai. Horon ma'aikata da sakamakon gwajin ruwa da sarrafa taki, duk sai an rubuta, a adana na tsawon shekara biyu. Ga mai bincike, aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne.

4.0 Waɗanda Dokar ta Ɗauke wa Nauyi

Ba kowace gona dokar ta hau ba. Gonar da matsakaicin cinikinta na kayan lambu bai wuce dala 25,000 a shekara ba, a lissafin shekaru ukun baya, ta fita. Haka hatsi irin su alkama da shinkafa da dawa, da abin da manomi ya noma don cin gidansa, da abin da za a kai masana'antar da za ta dafa shi, kamar tumatirin gwangwani.

Akwai kuma sassaucin da Sanata Jon Tester na jihar Montana, wanda shi kansa manomi ne, da Sanata Kay Hagan suka sa aka shigar a dokar. Gonar da cinikinta na abinci bai kai dala 500,000 a shekara ba, kuma take sayar da fiye da rabin kayanta kai tsaye ga masu ci, ko ga shaguna da gidajen abincin da ke jiharta ko cikin tazarar mil 275, an sauƙaƙa mata. Abin da ya rage a kanta shi ne ta bayyana sunanta da adireshinta ga mai saye, ta kuma adana shaidar cancantarta. Masu goyon bayan sassaucin sun ce wanda ke sayar wa maƙwabtansa, idan an sami matsala, mutane kaɗan za ta shafa kuma nan da nan za a gano shi. Masu suka suka ce ƙwayar cuta ba ta san girman gona ba.

Rukunin da ya fi jan hankalin manazarcin al'ada shi ne jerin amfanin da hukumar ta ce ba a cika cin su ɗanye ba, don haka ta cire su. A ciki akwai dankali da kuɓewa da kabewa da gyaɗa da citta da dabino da wani babban dangin yalo da Amurkawa ke dafawa. An gina jerin ne a kan bayanan yadda mutanen Amurka ke cin abinci. A ƙasar Hausa kuwa dabino ba a dafa shi, yalo da gauta a hannu ake cin su, ɗanyar gyaɗa ma ana tauna ta. Wannan ya nuna dokar abinci, duk da rigar kimiyyar da take sanye da ita, a kan al'adar cimar al'umma take tsaye. Ƙasar da ta kwafe ta ba tare da nazarin cimar mutanenta ba za ta bar ƙofa a buɗe inda ya kamata ta rufe.

5.0 Ruwan Noma: Daga Adadi Zuwa Nazari

Dokar ta kasa ruwa gida biyu. Ruwan da ake amfani da shi lokacin girbi da bayansa, kamar na wanke amfani da wanke hannu da yin ƙanƙara, dole a rasa ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 nasa, kuma ruwan kogi ko tafkin da ba a tace ba bai halatta a nan ba. Wannan bai jawo gardama sosai ba.

Gardamar ta taso ne a kan ruwan ban-ruwa. Ƙa'idar 2015 ta ce matsakaicin adadin ƙwayar kada ya wuce 126 a mililita 100, wani ma'auni na biyu mai lura da hauhawar adadin lokaci zuwa lokaci kuma kada ya wuce 410. Mai amfani da ruwan kogi ko magudana sai ya ɗebi samfur aƙalla 20 cikin shekara biyu zuwa huɗu, sannan biyar duk shekara. Mai rijiya sai ya ɗebi huɗu a shekarar farko, sannan ɗaya duk shekara. Manoma suka kawo ƙorafi iri uku. Na ɗaya, an aro adadin ne daga ma'aunin ruwan wanka da iyo, ba daga binciken noma ba. Na biyu, lissafin yana da sarƙaƙiya, kuma gonar da ke ɗiban ruwa daga wurare da yawa kuɗin gwaji zai yi mata yawa, ga nisan ɗakunan gwaji daga karkara. Na uku, ruwan kogi yana sauyawa daga safe zuwa yamma, don haka samfur biyar a shekara ba zai faɗi halin da yake ciki ranar da aka yi ban-ruwa ba.

Abin da ya faru a yankin Yuma na jihar Arizona a 2018 ya ƙara fito da matsalar. Latas daga yankin ya sa mutum 210 ciwo a jihohi 36, biyar suka mutu. Masu bincike sun sami ainihin ƙwayar a ruwan wata magudanar ban-ruwa da ta bi ta gefen wani katafaren wurin turkar shanu. Ke nan haɗarin yana iya fitowa daga abin da ke faruwa a filin maƙwabci, can sama da inda manomi ke ɗiban ruwa.

Hukumar ta ɗage wa'adin wannan sashe a 2019, ta fitar da sabon daftari a Disamban 2021, ta kammala shi a watan Mayu na 2024. Sabuwar ƙa'idar ta soke wajabcin adadin nan biyu ga ruwan ban-ruwa. A maimakonsu, manomi zai yi rubutaccen nazari sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da wani babban sauyi ya auku. Zai duba tushen ruwan, ko rijiya ce ko kogi. Ko a buɗe yake tafiya ko a cikin bututu. Dabbobi da tarin taki da masai da ke kusa. Hanyar ba da ruwan, ko yayyafi ne daga sama ko ɗigo a gindin shuka. Tazarar da ke tsakanin ban-ruwa na ƙarshe da girbi. Da yanayin amfanin kansa. Idan haɗarin ya shafi dabbobi ko taki ko bayan gida a filayen maƙwabta, sai ya ɗauki mataki cikin gaggawa a wannan kakar noma. Manyan gonaki sun fara bi a Afrilun 2025, ƙanana an ba su zuwa 2026, ƙanana ainun zuwa 2027.

Sauyin ya zo da tasa matsalar. Adadi abu ne da mai bincike zai iya riƙe manomi da shi. Nazari kuwa ya dogara da ilimin mai yin sa da gaskiyarsa, kuma manoma biyu na iya kallon magudana ɗaya su yanke hukunci daban. Bugu da ƙari, manomin latas ne doka ta hau, mai turkar shanun da ke gefensa ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

6.0 Nauyin Kuɗi da Tsallaka Iyaka

Wani ƙiyasi da sashen binciken tattalin arziki na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya fitar a 2018 ya nuna cewa bin dokar zai ci wa gonaki ƙanana ainun kusan kashi 7 cikin 100 na cinikinsu, alhali manya bai kai kashi 1 ba. Dalili a fili yake: kuɗin horo da makewayi da rubuta bayanai ba sa raguwa sosai don gona ta yi ƙanƙanta. Ko wanda doka ta sassauta wa bai tsira ba, domin manyan shaguna kan nemi takardar shaidar bincike kafin su sayi kayansa.

Dokar ba ta tsaya a iyakar Amurka ba. Fiye da rabin ɗanyun 'ya'yan itatuwan da ake ci a ƙasar daga waje ake shigo da su, don haka an ɗora wa mai shigo da kaya alhakin tabbatar da cewa gonar da ya saya daga gare ta tana ba da kariya daidai da ta gonakin cikin gida. Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan iko daga wata kasuwar. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar shekaru da dama. Can sinadari ne, nan ƙwayar cuta ce, amma hukuncin ɗaya ne: abin da aka yi a gona da rumbu shi ke buɗe kasuwar waje ko ya rufe ta.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, kowane babban mataki na dokar ya biyo bayan asarar rayuka ne. Na biyu, sassan da suka zauna lafiya su ne waɗanda manomi ke iko da su a cikin shingensa, kamar wanke hannu da tsabtar kayan aiki. Na uku, sassan da suka shafi abin da ya fi ƙarfin gona ɗaya, wato ruwa da taki da dabbobi, su ne aka yi ta janyewa ana sakewa. Na huɗu, sassaucin da aka yi wa ƙananan manoma ya kare su daga hukuma, bai kare su daga sharuɗɗan kasuwa ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin dokar amincin kayan lambu ta Amurka daga annobar alayyafo ta 2006 zuwa gyaran ƙa'idar ruwa na 2024. An ga yadda alhakin kariya ya tashi daga asibiti da shago ya koma kan manomi, da yadda hukuma ta shafe kusan shekara tara kafin ta sami ƙa'idar ban-ruwan da za a iya aiki da ita. Tambayar da ta rage ita ce ta ruwan da jama'a ke tarayya a kansa. Magudana ɗaya tana shayar da gonaki masu yawa, tana kuma ratsa filayen da dokar ba ta hau ba. Muddin manomin da ke ƙarshen magudanar shi kaɗai ake tuhuma a kan abin da ya shiga ruwan tun daga sama, kariyar da ake nema wa mai ci ba za ta cika ba.